Yadda Ake Kama Mafarin Kumburi a Cikin Kwalba

Ƙaya ta soki tafin ƙafa da hantsi, kafin la'asar wurin ya ɗauki zafi, ya tasa, yana zogi. Bayan kwana biyu sai ga mugunya. Wannan kowa ya san shi. Abin da ido ba ya gani shi ne aikin da aka yi a mintocin farko, tun fata ba ta nuna komai ba. A cikin ƙwayoyin tsaron jiki da ke zaune a naman wurin, da waɗanda jini ya kwaso ya kawo, wani ƙanƙanin ma'aikaci ne ya tashi daga inda yake kwance, ya je ya datse ɗan zaren maiƙo daga jikin tantanin ƙwayar kanta. Da wannan zare ake ƙera saƙonnin da ke buɗe hanyoyin jini, su tsananta raɗaɗi, su kirawo ƙarin mayaƙa, wani lokaci har su kai ga tayar da zazzaɓi.

Akwai mutanen da sana'arsu ke nan: su sa wannan datsa ta auku a cikin 'yar kwalba, su tsayar da ita cak a daƙiƙar da suka zaɓa, sannan su auna abin da ya fita. Cikin farar riga ake yin ta a ɗakin gwaji, amma sana'ar hannu ce ta gaske, kuma a ganina ba a ba ta girman da ya kamace ta.

Kafin a shiga ɗakin, gara a san abin da ake farauta. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu a lulluɓe take da tantani na maiƙo, siriri ƙwarai, sai an ɗora fiye da dubu goma a kan juna kafin su kai kaurin takarda. Abin da aka gina shi da shi ana kiransa fosfolifid: kai guda mai son ruwa, da wutsiya biyu na maiƙo masu gudun ruwa. Sahu biyu suke yi, kawuna a waje, wutsiyoyi a ɓoye a tsakiya. Kan da wutsiyoyin suna rataye ne a jikin wata 'yar sanda mai gurbi uku, wutsiya a gurbi na ɗaya, wutsiya a na biyu, kai a na uku. A ƙwayoyin tsaro, wutsiyar gurbi na biyu sau da yawa wani maiƙo ne mai suna arakidonik, zare mai kabon 20 da lanƙwasa huɗu. Muna samun sa a ƙwai da nama da hanta, jiki kuma yana ƙera nasa daga maiƙon da ke cikin man gyaɗa da danginsa. Muddin yana ɗaure a gurbinsa, ba ya tsinana komai.

Mai kwance shi enzayim ne, wato furotin ɗin da jiki ya ware domin hanzarta aiki guda takamaimai, yanka ko haɗi, ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Masu yanka fosfolifid ana ce musu fosfolifes, kuma an raba su gida-gida bisa inda kowa ke sa wuƙa. A1 yana cire wutsiyar farko, C da D suna yanka ta wajen kai, A2 kuwa gurbi na biyu kaɗai ya sani. A gidan A2 ɗin ma, wanda ya fi ɗaukar hankalin masu nazarin kumburi shi ne na cikin ƙwaya, wanda rukuni biyu na masana a Amurka suka bayyana tsarin halittarsa a 1991. Yana nan a narke cikin ruwan ƙwayar, nesa da abin yankansa. Kalsiyam ne ke tashin sa, sinadarin nan na ƙashi. Ƙwaya mai hutawa korar kalsiyam take yi ba dare ba rana, har wanda ke wajenta ya ninka na cikinta wajen sau 10,000. Da ta ji alamar ƙwayar cuta sai ta buɗe ƙofofi ya kwararo. Enzayim ɗin yana da wani ɓangare da ke cafke kalsiyam, da ya cafke sai ya manne da tantani, kuma tantanan ciki-ciki yake nufa, waɗanda ke kewaye da cibiyar ƙwayar. Wani enzayim daban ya liƙa masa fosfet a wuri guda, gurbi na 505 a jerinsa, ya ƙara masa kaifi. Sannan ya shiga aiki, yana tsallake sauran wutsiyoyi yana tsintar arakidonik. A daidai wurin masu karɓa suke jira. Layi ɗaya yana mai da shi furostagilandin, masu buɗe hanyar jini, masu sa jijiya ta ji ciwo da ɗan taɓi, masu zazzaɓi. Ɗaya layin yana mai da shi lukotirayin: akwai mai kiran fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a kan rauni, akwai masu shaƙe hanyar numfashi ga mai asma. Abin da ya rage ba a yi amfani da shi ba, nan da nan ƙwayar ke mai da shi gurbinsa.

To ga wahalar. Abin kaɗan ne, ba ya daɗewa, kuma ƙwayar da ke yin sa ko hannu aka ɗora mata da ƙarfi tashi take yi.

Malamin farko a wannan fanni maciji ne. Gidan A2 yana da ƙananan 'yan'uwa da ƙwaya ke fitarwa waje: akwai su a ruwan narka abinci, akwai su a hawaye inda suke kashe wasu ƙwayoyin cuta, akwai su da yawa a ruwan gaɓar mai ciwon gaɓoɓi, sannan dafin maciji cike yake da su. A 1938, a birnin Melbon na Ostireliya, Wilhelm Feldberg da Charles Kellaway sun zura dafin gamsheƙa cikin huhun dabba, suka tara ruwan da ya fito, suka ɗiga shi a kan ɗan yankin hanjin ɓeran masar. Hanjin ya tsuke, amma sannu a hankali, ya kuma daɗe bai saki ba, saɓanin yadda wani sinadarin jiki mai suna histamin ke sa shi zabura. Bayan shekara biyu aka ga wani abu mai irin wannan aiki yana fitowa daga huhun dabbar da jikinta ya ƙi wani abu. Sai da aka kai 1979 kafin a san ko mene ne wannan na biyun.

Har yau ɗan koyo yakan fara da dafi, domin shi ne mafi sauƙin gani. Ana dama gwaiduwar ƙwai, wadda cike take da fosfolifid, a haɗa ta da wankakkun jajayen ƙwayoyin jini da ɗan kalsiyam a cikin wani narkakken abu mai suna aga, a zuba a faranti ya daskare ja-ja. A huda 'yan ramuka daidai wa daida, a ɗiga dafi a kowanne, wannan ya fi wancan tsinkewa, rami guda kuma ruwan gishiri zalla. A ajiye a zafin jiki, digiri 37, ya kwana. Da safe kowane ramin dafi ya yi zobe garau a kewayensa, domin enzayim ya cire wa maiƙon gwaiduwa wutsiya guda, mai wutsiya ɗayan da ya rage kuma fasa jajayen ƙwayoyi yake yi. Sai a sa rula a auna faɗin zoben. Idan ramin ruwan gishiri ma ya yi zobe, farantin ya ɓaci, ba a karanta shi. Wannan ba nesa yake da mu ba. Gamsheƙa mai tofi da ke ƙasashenmu, wadda saranta ke ruɓar da nama, dafinta yana da wannan enzayim sosai, kububuwar da ke cika asibitin Kaltungo da majinyata ma tana da nata. Wani magani mai suna barasfiladib, wanda aka gwada a kan ciwon zuciya bai yi nasara ba, an gano a 2016 yana toshe wannan enzayim a dafin macizai iri-iri. Ana kan gwada shi, bai maye gurbin allurar kashe dafi ta asibiti ba.

Aikin ƙwayar ɗan Adam mai rai shi ne inda gwaninta take. Wadda aka fi nema ita ce nutirofil, mafi yawa a cikin fararen ƙwayoyin jininmu, wadda gawarwakinta ne mafi yawan abin da ke cikin mugunya. Dukan sirrin rabin farko na aikin shi ne a raba ta da sauran jini ba tare da ta farka ba.

Tun daga tambaya ake farawa. Mai ba da jini, wanda ya zo bisa yardarsa, ana tambayar sa ko ya sha asfirin ko wani maganin ciwon jiki a 'yan kwanakin nan, ko yana mura. Idan ya sha, sai a gode masa a sa wata rana, domin maganin ya riga ya taɓa abin da za a auna. Allurar mai ɗan faɗin baki ake sawa, a ja sirinji a hankali, saboda matsa jini ta ƙaramar kafa da ƙarfi ya isa ya tayar da ƙwayoyin. Jinin yana sauka ne a kan maganin hana daskarewa, sau da yawa irin wanda ke kame kalsiyam, kuma wannan yana biyan buƙata biyu: jini bai daskare ba, enzayim bai sami abin tashinsa ba. A bututun roba ake zubawa. Nutirofil tana manne wa gilashi, mannewar kuma ita kanta farkawa ce. Ruwan gishirin da za a yi ta wanki da shi dole ya zama babu kalsiyam, kuma babu ko ɓurɓushin bangon ƙwayoyin cuta, wanda tafasawa ba ta kawar da shi, kuma kaɗan ɗinsa ya isa ya sa ƙwayoyin su yi shirin yaƙi.

Da fari a sa jinin a injin juyi, wanda ke wulwula kwalabe har mai nauyi ya koma ƙasa. Juyi mai laushi ake yi, a kwashe ruwan sama mai launin rawaya. A cikinsa 'yan ɓarɓashin daskarar da jini suke, su ma suna sarrafa arakidonik ta tasu hanyar, idan an bar su za su cakuɗa lissafi. Abin da ya rage a haɗa shi da deksitiran, wani sukari mai dogon jiki mai yauƙi, a juya bututun sama da ƙasa sau kaɗan, ba girgizawa, a tsayar da shi a bar shi. Jajayen ƙwayoyi sai su jeru a kan juna, su yi nauyi, su nutse. Wajen rabin awa ake jira, babu abin yi sai kallo. Mai ganda yakan tafi hira ya dawo bayan awa guda, ya tarar fararen ma sun fara bin jajayen ƙasa. Mai garaje ya kwashe da wuri, ya kwaso ja da yawa. Gwani yana duban layin da ke tsakanin ja da fari, ya san lokacin da ya daina sauka.

Mataki na gaba shi na fi so a duk aikin. Akwai wani ruwa garau mai suna Ficoll, wanda aka daidaita nauyinsa a giram 1.077 a kowace mililita, dabarar da Arne Bøyum na ƙasar Nowe ya bayyana a 1968. An zaɓi wannan nauyi ne domin ya faɗa tsakani: wasu fararen ƙwayoyin sun fi shi sauƙi, nutirofil ta fi shi nauyi. Ana zuba shi a ƙasan bututu, sannan a ɗora ruwan ƙwayoyin a kansa ba tare da sun gauraya ba. Mai aikin yana karkata bututun da hannun hagu, ya jingina bakin fifet, wato siririn abin zuƙa da ɗigawa, a jikin bangon bututun, ya saki ruwan yana gangarowa kaɗan-kaɗan. Ɗigon farko shi ne mai haɗari, in ya faɗo da ƙarfi ya huda ruwan ƙasa, an gama. Yayin da bututun ke cika yana miƙar da shi sannu-sannu, bakin fifet yana hawa tare da ruwan. Idan aka ɗaga shi wajen fitila za a ga layi tsaf tsakanin gurɓataccen sama da garau ɗin ƙasa. Daga nan sai injin juyi na rabin awa, a zafin ɗaki, kuma a kashe birki. Injin zai ɗauki mintoci masu yawa kafin ya tsaya da kansa, hakan kuwa na cin rai idan ana sauri, amma birki yana kaɗa ruwan ya rushe duk abin da juyin ya jera. Da an fito da bututun za a ga farin zobe yana shawagi a tsakiya, su ne waɗanda ba a so, a zuƙe su a zubar. A can ƙasa kuma ga ɗan curi, nutirofil tare da ragowar jajayen ƙwayoyi.

Su jajayen da agogo ake kashe su. A zuba ruwa mai ƙarancin gishiri, kashi 0.2 cikin ɗari, ruwan ya kutsa cikin ƙwayoyin duka. Jajaye ba su da juriya, suna fashewa da wuri, nutirofil tana ɗan daurewa. Daƙiƙa 30 cif, sai a zuba daidai wannan adadi na ruwa mai gishiri kashi 1.6, haɗin ya koma 0.9, gishirin jini. Kwalba ta biyu a buɗe take a hannu tun kafin a zuba ta farko, domin ba a neman murfi agogo yana tafiya. Curin da ya rage fari sol ba a sa shi a injin girgiza, da yatsa ake ɗan ƙwanƙwasa gindin bututun har ya warware, kuma ba a yarda kumfa ta tashi.

Sannan a duba. Ɗigo guda a haɗa da wani shuɗin rini, a sa a madubin ƙara girma. Ƙwaya mai rai ba ta barin rinin ya shige ta, matacciya kuwa shuɗiya take komawa. Ana son aƙalla 95 cikin 100 su kasance da rai. Amma gwani ba ya tsayawa a ƙirga, siffa yake dubawa. Nutirofil mai barci a dunƙule take, zagayayya, kowace ita kaɗai. Wadda ta farka ta miƙe, ta yi goshi da 'yar jela, ta kama 'yar'uwarta sun yi gungu. Idan haka aka gani, aikin safiya guda ya tafi, kuma mai gaskiya zubarwa yake yi ya nemi jini gobe. Wanda ya runtse ido ya ci gaba zai sami lambobi, har su yi kyau a takarda, sai dai ba za su faɗi komai game da jikin mutum ba.

Yanzu aka zo wajen tashin su da gangan. An jera bututai a ruwan ɗumi mai digiri 37, kowanne da adadin ƙwayoyi iri ɗaya. A mayar musu da kalsiyam ɗin da aka hana su tun safe, a ba su 'yan mintoci su daidaita. Abin tayarwa mafi ƙarfi shi ne wani sinadari mai lamba A23187, wanda ke ɗaukar kalsiyam ya tsallaka da shi tantani ba tare da neman ƙofa ba. Akwai kuma na kusa da abin da ke faruwa a jiki, irin ɗan guntun furotin na ƙwayoyin cuta, amma shi kaɗai ɗan kaɗan yake fitarwa sai an riga an shirya ƙwayar da wani saƙo na farko. Wannan ma ilimi ne da aka samu daga kwalba: nutirofil ba ta sakin duk abin da take da shi a kan kira ɗaya.

Idan za a ba kowane bututu minti biyar, ba zai yiwu a taɓa goma a lokaci guda ba. Saboda haka ake tsara su, na farko a sifiri, na biyu bayan daƙiƙa 15, na uku bayan 30, har ƙarshe, sannan a dawo a tsayar da su bisa wannan jeri da wannan tazara. Tsayarwar da metanol ake yi, wani barasan ɗakin gwaji mai guba, wanda aka ajiye cikin ƙanƙara. Da ya sauka, furotin duka sun sandare, ruwan ya yi fari-fari, aiki ya tsaya a inda yake. Jinkirin minti biyu ba ƙaramin abu ba ne, domin nutirofil da kanta take lalata lukotirayin ɗin da ta ƙera, tana kuma mayar da arakidonik gurbinsa. Wanda ya makara zai ga kaɗan ya ce ƙwayar ba ta yi aiki ba, alhali ta yi har ta share wurin.

A cikin jerin akwai bututan da ba a sa ran za su nuna komai, kuma su ne ke riƙe da mutuncin sauran. Ɗaya ba a tayar da shi ba sam. Ɗaya an ba shi ruwan da aka narka abin tayarwar a ciki kawai. Ɗaya an kame masa kalsiyam. Ɗaya kuma metanol aka fara zuba masa kafin komai. Mai son jiki yana ganin su ɓata kaya da lokaci. Amma in ba su, da me za a san cewa abin da aka gani aikin enzayim ne, ba taɓin hannun mai gwajin ba?

Daga nan doka ta juye. Ɗazu roba ake so a guji gilashi, yanzu gilashi kaɗai, domin kulorofom ɗin da za a ciro maiƙon da shi yana cin roba ya kwaso dattinta cikin samfurin. A ƙarƙashin akwatin zuƙe iska ake aikin, saboda tururinsa yana illa ga hanta. Hanyar da aka fi bi ta Bligh da Dyer ce, masana biyu a Kanada da suka fitar da ita a 1959 suna aiki a kan naman kifi. Awonta a haddace yake ga duk ɗan sana'ar: kulorofom ɗaya, metanol biyu, ruwan samfur 0.8. A wannan awo ukun suna zama ruwa guda, su ratsa ko'ina su narke maiƙo. Sai a ƙara kulorofom ɗaya da ruwa ɗaya, nan take su rabu gida biyu. Kulorofom ya fi nauyi, ya koma ƙasa da maiƙon, ruwa da metanol suna sama da gishiri da sukari, a tsakani kuma ga wani farin faifai na sandararren furotin. Akan ɗan tsamama ruwan kafin nan, domin arakidonik ya fi yarda ya bar ruwa ya bi kulorofom idan akwai ɗan tsami.

Abin da ake so yana ƙasa, sai an ratsa wanda ba a so. Mai aikin yana zura dogon fifet na gilashi, yana ɗan matsa robar kansa yayin da bakin ke wucewa ta ruwan sama, 'yan kumfa suna fita, don kada ko ɗigo ya shiga. Ya bi ta gefen faifan ba ya fasa shi, ya kai gindi, sannan ya saki matsin ya zuƙa. Kuma ba ya kwaɗayin ɗigon ƙarshe, yana barin sa.

Busarwa ma da ƙa'idarta. Lanƙwasa huɗun nan na arakidonik wurare ne da iskar oksijin ke kamawa, kuma a 1990 Jason Morrow da Jackson Roberts a Amurka sun nuna cewa iska kaɗai, ba enzayim ko ɗaya, tana iya mai da shi abubuwa masu kama da furostagilandin. Samfurin da aka bari a buɗe zai iya ƙirƙiro kumburin da bai taɓa faruwa ba. Don haka da siririyar iskar naitirojin ake busarwa, a saita ta yadda za ta ɗan lotsa fuskar ruwan ba ta fantsama shi ba, a tsaya a kai, da ya bushe a rufe a kai firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Abin da ke gindin kwalbar sau da yawa ido ba ya ganin sa.

Tsohuwar hanyar gani ita ce farantin gilashi da aka shafe da farin garin silika. A ja layi kusa da gindinsa da fensir, ba biro ba, don tawada za ta narke ta bi sahu. A ɗiga samfurin a kan layin, ɗigo ƙanƙane, a bari ya bushe, a sake ɗigawa a daidai wurin. A gefe a ɗiga sanannen arakidonik mai tsabta. Sai a tsayar da farantin cikin tulun gilashi mai ɗan ruwan sinadari a ƙasa, ruwan bai kai layin ba, a rufe. Ruwan zai riƙa hawa kamar yadda danshi ke hawa gindin katangar ƙasa da damina, yana jan abin da ya iya ja. Fosfolifid mai kai yana riƙe da silika, ba ya barin layi. Arakidonik da aka datse ya rabu da kai, sai ya bi ruwan ya hau. A fitar, a busar, a sa a tururin aidin, tabo masu ruwan ƙasa su bayyana, a ga wanda ya yi kafaɗa da sanannen. A yau injin awon nauyin ƙwayoyin sinadari ya karɓi mafi yawan wannan aiki, amma bai sauke wa kowa nauyin kula ba. Tun kafin a zuba kulorofom ake sa wa kowane samfur sanannen adadi na wani arakidonik da aka ƙera da haidirojin mai nauyi guda takwas, nauyinsa 312 maimakon 304. Duk abin da ya salwanta a hanya, a jikin fifet ko a ɗigon da aka bari, tare suka salwanta, injin kuma yana bambanta su. Daga abin da ya dawo na mai nauyin ake lissafa abin da ƙwayar ta fitar tun asali.

Da irin wannan kula aka warware tambayar nan da ta faro daga Melbon. A cibiyar Karolinska da ke Sitokholm, Pierre Borgeat da Bengt Samuelsson suna aiki da fararen ƙwayoyin jinin zomo, suka lura cewa abubuwa da dama da suke samu dole daga uwa ɗaya suka fito, wadda ke rushewa cikin daƙiƙoƙi a ruwa. Sai suka gajarta lokacin tayarwar ya koma ƙasa da minti guda, suka kwarara metanol mai yawa, metanol ɗin ya kama ta ya manne a jikinta, daga tabon da ya bari suka gane siffarta. Ita ce lukotirayin A4, kuma a 1979 ɗin aka tabbatar cewa abin nan mai tsuke hanji a hankali daga zuriyarta yake. A Landan kuwa John Vane da naman dabba yake awo: yankin tumbin ɓera, yankin hanjinsa, da makamantansu, a rataye wani a ƙarƙashin wani, ruwan gwaji yana gangarowa a kansu, kowanne an ɗaura shi da alƙalamin da ke zana tsukewarsa. Daga wanda ya tsuke da wanda ya yi shiru yake gane abin da ke cikin ruwan. Da haka ya nuna a 1971 cewa asfirin hana ƙera furostagilandin yake yi, bayan an shafe fiye da shekara saba'in ana shan sa ba a san ta inda yake aiki ba. Shi da Samuelsson da Sune Bergström suka raba kyautar Nobel ta 1982.

Ganin enzayim guda ne a bakin hanyoyin biyu, an yi fatan toshe shi zai kashe kumburi daga tushe. A 1997 masana a Tokiyo da Bostan suka samar da ɓerayen da ba su da shi. Ƙwayoyin tsaronsu sun kusa daina fitar da furostagilandin da lukotirayin, shaƙewar numfashi ta yi musu sauƙi, amma matan sun sha wahalar ɗaukar ciki da haihuwa. A 2008 kuma likitoci a Amurka suka ba da rahoton wani mutum da aka haifa da wannan enzayim a lalace. Abin da ya kai shi asibiti gyambo ne birjik a ƙaramin hanji da zubar jini, irin wanda ake gani ga mai yawan shan maganin ciwon jiki, alhali shi ba shan sa yake yi ba. Da aka auna jininsa da fitsarinsa ta waɗannan hanyoyi, sai aka tarar saƙonnin da ake ƙerawa daga arakidonik sun yi ƙasa ƙwarai. A cikin dangin furostagilandin akwai masu kare bangon ciki da na hanji, shi ya sa likita ke tambayar majinyaci ko yana da olsa kafin ya rubuta masa asfirin ko ibufurofen.